Shawara: Babban Kwastomana Ya Hana Mu Barci, Gwanar Ma'aikatana Za Ta Tafi

Assalamu alaikum. Shekara biyar ke nan da na buɗe ƙaramin kamfani na zana wa mutane shafukan intanet. Ni kaɗai na fara da kwamfuta ɗaya, yanzu mu biyar ne: ni, da masu zane biyu, da mai haɗa shafin ya yi aiki, da wani matashi mai kula da rubutu da hotuna. Aiki yana shigowa, alhamdulillahi, amma hankalina ba a kwance yake ba. Akwai wani babban kwastoma, shi ya fara ba ni aiki tun babu wanda ya san ni, kuma kusan rabin kuɗin da ke shigo mana daga wurinsa ne. Yana kira a kowane lokaci, har tsakar dare da ranar hutu. Shafin da muka ce za mu gama masa cikin sati shida, yanzu muna wata na biyar, saboda kullum da sabon gyara. Biya kuma sai ya ga dama, har sau biyu albashi ya makara. Ban taɓa iya ce masa a'a ba. Makon jiya babbar mai zanenmu, wadda muka yi shekara uku tare, ta ce in abubuwa ba su canza ba za ta ajiye aiki ƙarshen wata mai zuwa. Ta ce ba kuɗi ne damuwarta ba, gajiya ce, da kuma ganin aikinta ba ya ƙarewa. Sauran ma sun daina magana a taro. Maganarta ta yi mini zafi, don ni na fi kowa kwana a kan aiki. In na taka wa kwastoman burki ina tsoron ya tafi, kuma ina ganin butulci ne. In na yi shiru, ita za ta tafi. Wa zan zaɓa?

Daga wani mai karatu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da ƙoƙari. Wanda ya fara da kwamfuta ɗaya har ya kai mutum huɗu suna samun abin rufin asiri a ƙarƙashinsa ya yi abin a yaba, kuma damuwar da ta sa ka rubuto ta nuna ba ka ɗauki mutanen nan kayan aiki ba.

Tambayar da ka rufe wasiƙarka da ita kuwa, ina roƙonka ka ɗan ajiye ta gefe. Kana ganin kanka tsakanin mutum biyu, kowa na jan hannu ɗaya, dole ka saki wani. Ni abin da na gani mutum biyu ne da ciwo ɗaya ke damunsu. Ita tana kukan aikinta ba ya ƙarewa. Shi kuma wata biyar ke nan yana jiran shafin da aka ce masa sati shida, har yau ba shi da abin da zai nuna wa masu saye a wurinsa. Da za a zaunar da su a ɗaki ɗaya a tambayi kowa abin da yake so, amsa ɗaya za su bayar: a gama shafin nan a ɗora shi. Abin da ya hana a gama kuwa, ka yi haƙuri da ni, yana hannunka. Babu wanda ya taɓa shata wa aikin iyaka, kuma kai kaɗai ke da ikon shata ta.

Bari in fara da ita baiwar Allah ɗin nan. Na fahimci zafin da ka ji. Mutum yana ganin ya ba da duk abin da yake da shi, sai wanda ya fi yarda da shi ya zo ya ce bai isa ba. Amma ka lura da yadda ta yi. Ma'aikacin da ya yanke ƙauna ba ya gargaɗi. A ɓoye yake neman wani aiki, ranar da ya samu sai ka tarar da takarda a kan tebur. Ita kuwa ta same ka ido da ido, ta faɗi dalilinta, ta ba ka fiye da wata guda. Mai son zama ne ke yin haka. Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne sauran ukun da ka ce sun daina magana a taro, domin ruwa ba ya tsami banza. Mutane kan yi shiru ne idan sun faɗa sun faɗa, sun ga babu abin da ya canza. Amy Edmondson, malama a jami'ar Harvard, ta wallafa wani bincike a 1999 kan abin da ke sa ƙungiyar ma'aikata ta iya koyo daga kurakuranta, kuma abin da ta gano shi ne dole kowa ya ji zai iya faɗin damuwarsa ko kuskurensa ba tare da an muzanta shi ba. Kamfanin Google ma, da ya fara bin diddigin ƙungiyoyinsa kimanin 180 a 2012 don gano abin da ke sa wasu su fi wasu, wannan ne ya fito masa a kan gaba. Su ukun nan suna kallon yadda za ka karɓi maganar 'yar'uwarsu. In ka ɗauke ta cin fuska, sun sami amsarsu.

Akwai jumla ɗaya a wasiƙarka da nake so ka sake dubawa, inda ka ce kai ka fi kowa kwana a kan aiki. Na yarda gaskiya ne. Sai dai kamfanin naka ne. Daren da ka raya, gininka kake ɗorawa, in ya bunƙasa sunanka ne da ribarka. Su albashi suka zo nema da gogewa, albashin ma sau biyu ya makara. Duk lokacin da ka ce wa kwastoman nan "to, ba komai" ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kai ka samu godiya, amma wani ne zai biya da barcinsa, kuma ba a tambaye shi ba. Gajiyar da take faɗa ba shagwaɓa ba ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan matsananciyar gajiyar da matsin aiki marar yankewa ke jawowa, ta ba ta alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, mutum ya ji zuciyarsa ta fita daga aikin, da raguwar iya aikin kansa. Ka auna ma'aikatanka da waɗannan ukun, sannan ka auna kanka, don ina zargin kai ma kana ciki.

Shi kuma kwastoman, ban ga mugu a cikin labarinka ba. Sana'arku tana da wata matsala da sana'ar magini ba ta da ita. In mutum ya ce wa magini ya matsar da bango, zai ga an rushe, zai ga ƙura da ɓaraguzai, zai ga an sake sayen kaya, don haka zai yi tunani kafin ya sake faɗa. A shafin intanet babu ƙurar da ake gani. Idan ya ce "ku ɗan matsar da wannan hoton sama," a zuciyarsa aikin minti biyu ne. Bai san cewa tun da aka koma gina shafi guda mai daidaita kansa da fuskar kowace irin na'ura, salon da wani mai zanen shafuka, Ethan Marcotte, ya raɗa wa suna a 2010, gyara ɗaya yana nufin a duba shi a waya, a duba a kwamfuta, a duba a na'urorin da ke tsakaninsu, a gwada a manhajojin buɗe shafukan intanet irin su Chrome da Safari da Firefox, a tabbatar bai ture wani abu a wani shafin ba. Bai sani ba saboda ba a taɓa gaya masa ba. Shekara biyar kana koya masa cewa gyara kyauta ne, kuma wayarka a buɗe take kowane lokaci. Ya ɗauki darasin da ka ba shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganar halacci kuma ban raina ta ba ko kaɗan. Wanda ya yarda da kai tun ba ka da komai yana da haƙƙi a kanka, kuma ina jin daɗin cewa ba ka manta ba. Abin tambaya shi ne daga aljihun wa za a biya wannan bashi. In kana so ka yi masa ragi, ka yi, daga ribarka. In kana so aikinsa ya riƙa shiga gaban na kowa a layi, wannan ma ikonka ne. In kana so ka ware masa wasu awoyi kyauta duk wata, ka ware, ka rubuta su, ya san kyauta ce ka yi masa. Amma daren ma'aikatanka da ranar hutunsu da ranar albashinsu ba naka ba ne balle ka yi kyauta da su. Shi ne ya yi maka alheri, su ba su ci bashin kowa ba.

To, ga yadda nake ganin za ka bi. Kafin ka je wurin kwastoma, ka fara zama da ita a cikin makon nan, ku biyu, ba a gaban sauran ba. Kada ka kare kanka, kada ka ambaci naka rashin barcin. Ka tambaye ta abubuwa uku da in sun canza za ta ji daɗin zuwa aiki, ka rubuta a gabanta. Zuciyarka za ta raya maka ka yi mata ƙarin albashi a wuce wurin. Ka danne wannan tukuna, don ta riga ta gaya maka ba nan ciwon yake ba. Tun 1959 wani masanin halayyar ɗan Adam, Frederick Herzberg, ya bambance abubuwa biyu a wurin aiki: akwai waɗanda rashinsu ke ɓata rai, irin su albashi da yanayin aiki, akwai kuma waɗanda ke sa mutum ya so aikin, irin su ganin ya kammala abu, a yaba masa, a ba shi amana. A wurinka duka biyun sun taɓu. Makarar albashi ta ɓata na farko, aikin da ba ya ƙarewa ya kashe na biyu. In ta cancanci ƙari ka yi mata daga baya, saboda cancantarta, ba don toshe baki ba. Abin da za ka ba ta yanzu alkawari ne mai kwanan wata: ranar da za ka zauna da kwastoman, ranar da za a daina kiran ma'aikata bayan an tashi, ranar da shafin zai hau. Kada ka ɗauki alkawarin da ba za ka iya cikawa ba, ko da ɗaya ne tak za ka iya ɗauka. Bayan nan ka tara sauran ka faɗa musu abu ɗaya da bakinka, cewa ka ga inda ka yi kuskure, ga kuma abin da zai canza. Albashi kuwa ya zama abin da ba a taɓawa. In kuɗi ya yi ƙaranci, naka ne zai jira.

Sai zaman da kake tsoro. Ka nemi ganinsa ido da ido, ko aƙalla ta kiran bidiyo, kada ka yi wannan magana ta saƙon waya. Kafin ka je, ku zauna da ma'aikatanka ku tattara duk gyaran da ya nema wanda ba a yi ba, daga saƙonni da imel da abin da kowa ya tuna, ku zuba su a takarda ɗaya, kowane da kiyasin awoyin da zai ci. Sau da yawa ganin jerin nan kaɗai kan sa kwastoma ya yi shiru, domin bai taɓa ganin buƙatunsa a tare wuri ɗaya ba. Ka buɗe maganar da abin da yake gaskiya, kamar haka: "Ranka ya daɗe, ban manta ba kai ka fara yarda da ni, shi ya sa nake jin nauyin cewa har yau shafinka bai hau ba. Laifina ne, ban tsara aikin yadda ya kamata ba. Na zo ne mu tsayar da ranar da za a ɗora shi." Ka ga babu zargi a ciki, kuma ba ƙarya ka yi ba. Daga nan ku raba jerin gida biyu tare: abin da shafin ba zai iya hawa ba sai da shi, da abin da zai iya jira. Ka tuna masa cewa shafin intanet ba littafi ba ne da in an buga an buga ke nan. Ana iya ɗora shi yau, a gyara gobe, kuma gyaran da aka yi bayan an ga yadda mutane ke amfani da shi ya fi wanda aka yi da hasashe. Duk ranar da shafin ya ƙara a ɓoye, masu nemansa a Google wani suke samu.

A wannan zaman ne za ka shigar da sababbin ƙa'idoji, kuma ka gabatar da su a matsayin abin da zai sa aikinsa ya yi sauri, don haka ɗin ne. Mutum ɗaya daga ɓangarensa ke da ikon cewa a gyara ko an amince. Hanya ɗaya ake turo buƙata, a rubuce, wurinka ko wurin wanda ka naɗa, ba kai tsaye ga masu zane ba. Ana tara gyare-gyare a turo su a dunƙule, ba ɗaya-ɗaya duk lokacin da tunani ya zo ba. Kiran dare kuma a ajiye shi don gaggawa ta gaskiya, kuma ku fayyace ta tare: shafi ya sauka gaba ɗaya, ko hanyar biyan kuɗi ta tsaya, ko masu kutse sun shiga. Launin maɓalli zai kai safiya. Maganar biya ma kada ka ji kunyarta. Ka tambaye shi yadda ofishinsa ke fitar da kuɗi, don wani lokacin jinkirin daga tsarinsu yake, ko kuma kai ne ba ka tura takardar neman biya a kan lokaci ba. Ka je da lissafin abin da ake binsa a rubuce, ku sa masa rana. Ka gaya masa gaskiya cewa da wannan kuɗin kake biyan mutanen da ke yi masa aiki. Ɗan kasuwa ne shi ma, ya san ma'anar wannan.

Abin da ya faru da shi kada ya sake faruwa da wani. Tun ran gini ran zane. Duk sabon aiki ya fara da yarjejeniya a rubuce, ko da shafi biyu ce da harshe mai sauƙi. Ta faɗi shafuka nawa za a yi da abin da kowane zai ƙunsa. Ta faɗi zagaye nawa na gyara ke cikin farashin, biyu shi ne abin da da yawa a sana'ar ke bayarwa, abin da ya haura kuma da kuɗinsa da ƙarin kwanakinsa. Ta faɗi kafin alƙalami, sulusi ko rabi, da matakan da za a biya sauran, kuma kada a miƙa shafi kafin cikon ƙarshe. Ta faɗi ranar da kwastoma zai kawo rubutu da hotuna da tambarinsa, domin na sha ganin aikin da ya tsaya wata da watanni ana jiran rubutun shafin "game da mu," sannan a dawo ana zargin masu zane da jinkiri. In kwastoma ya yi shiru na wasu makonni, a dakatar da aikinsa, ya sake shiga layi idan ya dawo. Akwai kuma abin da zai ƙara maka daraja a idon kowa: adireshin shafin, wanda ake kira domen, a yi masa rajista da sunan kwastoma, ba da naka ba, kuma ranar miƙa aiki a ba shi duk kalmomin sirri. Wanda ya san zai iya tafiya da kayansa duk ranar da ya so ya fi sakin jiki ya zauna. Mutane suna ɗauka takarda alamar rashin yarda ce, alhali ita ke hana abokai su wayi gari kowa na tuna magana daban.

Sati shidan nan da ya zama wata biyar ma yana da darasi a gare ka, don ba duka laifin gyare-gyare ba ne. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana a 1979 yadda mutane ke yawan rage lokacin da aiki zai ci idan suna kiyasi, ko da sun sha ganin irinsa ya wuce wa'adi. Maganin da suka nuna shi ne a duba abin da ya faru a baya. Ka ɗauko ayyuka biyar na ƙarshe da kuka yi, ka rubuta kwanakin da ka yi alkawari da kwanakin da suka ci a zahiri. Da wannan tazarar za ka riƙa kiyasi daga yau. Kuma kada ka sake ba da wa'adi a gaban kwastoma kafin ka tambayi waɗanda za su yi aikin. Kalmar "bari in duba da abokan aikina, gobe zan ba ka amsa" za ta cece ka daga rabin abin da kake ciki, kuma ta fi sauƙin faɗa fiye da a'a ga mutum mai kunya irinka. In kuma ranka ya raya maka ka ɗauko sabon ma'aikaci don a gama wannan shafin da wuri, ka dakata. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a kamfanin IBM, ya yi gargaɗi tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin da ya riga ya makara ƙara masa makara yake, saboda tsofaffin ne za su ajiye aikinsu su koya wa sabo.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce tushen tsoronka. Rabin abin da ke shigowa yana hannun mutum ɗaya. Wannan haɗari ne ko da shi ne mafi kirkin mutane, domin kasuwancinsa zai iya girgiza, ko ya ɗauki mai yi masa a cikin gida, ba tare da ka yi masa komai ba. Hanyar da na fi ganin ta dace da sana'arku ita ce yarjejeniyar kula da shafi, wadda ake biya duk wata. Shafi ba ya zama lafiya da kansa. In da WordPress kuke gini, manhajar da ta fito a 2003 wadda yanzu sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke kanta, ka san ita da ƙananan manhajojin da ake ɗora mata suna buƙatar sabuntawa a kai a kai, kuma ta waɗanda aka bari suka tsufa ne masu kutse suka fi shiga. Rajistar domen tana ƙarewa in ba a sabunta ba. Takardar shaidar tsaro ma, wadda ke sa a killace bayanan da ke wucewa tsakanin baƙo da shafin, tana da wa'adi, kuma tun Yulin 2018 Chrome ke nuna wa baƙo gargaɗin rashin tsaro a shafin da ba shi da ita. Ga ajiye kwafin shafi da gwada cewa kwafin yana dawowa. Ina da yaƙinin kuna yi wa wasu kwastomomi waɗannan abubuwa a kyauta yanzu haka. Ka jera duk waɗanda ka yi wa aiki cikin shekara biyar ɗin nan, ka duba shafukansu ɗaya bayan ɗaya, ka kira su da abin da ka gani yana neman gyara. Wanda ya taɓa biyanka ya ji daɗi ya fi baƙo saurin amincewa, kuma shi ne zai turo maka wani. Burinka shi ne kuɗin wata-wata ya kai ga ɗaukar albashi, sannan ka fara tara ajiyar da za ta riƙe kamfanin wata uku ko da babu sabon aiki. Ba a rana ɗaya za a kai nan ba, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi ma babban kwastoman, wannan tsari zai iya zama mafita a gare shi. Tun da mutum ne mai yawan sababbin tunani, ka sayar masa da awoyi ƙayyadaddu duk wata, ya yi duk gyaran da yake so a cikinsu, in sun ƙare ya jira wata mai zuwa ko ya ƙara saya. Abin da ke gajiyar da ku yau sai ya koma abin da ke biyan albashi.

Dole kuma in gaya maka cewa zai iya ƙin yarda. Zai iya jin haushi ya ce ka canza, har ya yi barazanar tafiya. Ka ba shi 'yan kwanaki, don mutane da yawa kan huce idan sun ga aikin ya fara tafiya. In ya dage sai dai a koma yadda ake da, to ka gama masa abin da kuka riga kuka yi alkawari, ka miƙa masa kayansa cikakku, ku rabu da mutunci, ka bar ƙofa a buɗe. Kafin ka je zaman ma ka yi wannan lissafin: in ya tafi gobe, wata nawa za ka iya biyan albashi, wane kashe kuɗi za ka rage, su wa za ka fara kira. Wanda ya san amsar wannan ba ya rawar murya. In lissafin ya nuna ba za ka iya jure rashinsa yanzu ba, ka fara da abin da ba zai ci maka kuɗi ba, wato ka tsaya tsakaninsa da ma'aikatanka ta yadda babu kiransa da zai kai gare su bayan an tashi, ka tsayar da ranar ɗora shafin, sauran ƙa'idojin ka shigo da su a aiki na gaba yayin da kake neman wasu kwastomomi. Ita ma tana iya tafiya duk da ka yi duk wannan, don wata gajiyar ta riga ta yi nisa. In haka ta faru kada ka riƙe ta a zuci. Ka nemi ta rubuta yadda take gudanar da ayyukanta ta miƙa wa ɗan'uwanta mai zane, ka ba ta kyakkyawar shaida, ka bar ta ta sa ayyukan da ta yi a cikin abin da za ta nuna wa masu ɗaukar aiki. Sauran ukun suna kallon wannan ma.

Idan ƙura ta lafa, akwai ƙananan abubuwa da ke riƙe mutane a irin wannan sana'a, kuma ba sa cin kuɗi. In kwastoma ya yaba, ka kai yabon ga wanda ya yi aikin da sunansa. Ka bar mai zane ta gabatar da zanenta da bakinta a gaban kwastoma, don ita ta fi kowa sanin dalilin da ya sa ta ajiye kowane abu inda ta ajiye shi, kuma kwastoman da ya ji dalili yana rage neman canji. Duk aikin da aka gama, ku zauna rabin awa kowa ya faɗi abin da ya tafi daidai da abin da ya wahalar da shi, kai ka zama na ƙarshen magana. Kuma ka riƙa tashi a kan lokaci kai ma, don babu ma'aikacin da zai iya tafiya gida da sakin zuciya alhali mai gida na zaune.

Gwajin zai zo ne a daren farko da wayarka za ta yi ƙara bayan kun yi wannan zama, kuma za ta yi. In shafinsa ya riga ya hau, ka buɗe shi ka duba. In yana aiki, ko bai hau ba tukuna, ka ajiye wayar ka kwanta, kada ka tura wa kowa saƙo. Da safe, da zarar an buɗe ofis, kai ka fara kiransa da amsa a hannunka. Ka rubuto mini bayan wata guda in ji ko shafin ya hau, da kuma abin da ita ta yanke. Allah ya sa albarka a sana'ar.